Gwangwama, Furen da Ruwan Alwala Ya Ishe Shi

Duk wanda ya bi lungunan cikin garin Daura da sassafe, bayan an idar da sallar Asuba, ya san abin da zan faɗa. Ƙarƙashin kusan kowace katanga akwai rariya, a bakin rariyar kuma akwai ɗan baƙin taɓon nan da ba ya bushewa ko da bazara ta kai tsakiya. Agwagi na cusa baki a ciki, ƙuda na sauka yana tashi, dattijo mai dawowa daga masallaci yana tattare bakin riga ya tsallake. Kafin hantsi ya dubi ludayi sai ka ga ɗan ga-ruwa ya turo kurarsa cike da jarkoki, ya tsaya a ƙofar gidan nan dai, maigida ya laluba aljihu ya biya. Ruwan da aka saya da kuɗi da safe, shi ne zai biyo rariya da yamma ya zama abin da maƙwabta ke toshe hanci dominsa.

Abin nan yana damuna, ya kuma fi damuna don a Daura ne. Garin nan ko labarin sarautarsa labarin ruwa ne. Tun muna yara ake kai mu bakin rijiyar Kusugu, a ba mu labarin macijin nan Sarki da ya hana mutane ɗiba sai ranar Juma'a, har Bayajidda ya iso ya sare shi a zamanin Magajiya Daurama. Daminarmu ba ta wuce wata huɗu, daga Yuni zuwa Satumba, sauran wata takwas kuwa sai rijiya da burtsatse da abin da famfo ya kawo. Daga Daura zuwa Sandamu, Zango, Ɓaure da Mai'aduwa, babu wanda zai koya mana darajar ruwa. Amma mu dubi abin da muke zubarwa.

Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da mudu ɗaya yake alwala, mudun nan kuwa bai kai lita guda ba. Mu yawancinmu sai mun ga gindin buta. Mu ƙaddara lita ɗaya kowace alwala, a gidan da masu salla suka kai goma. Sau biyar a yini ya zama lita 50, wato manyan jarkoki biyu. A wata guda jarka 60 ke nan. Ko an zubar da rabin lissafin saboda maza na alwala a masallaci, wasu kuma alwala ɗaya na kai su salla biyu, abin da ya rage ba kaɗan ba ne. Ruwa ne kuma mai tsabta, ba sabulu, ba maiƙo, ba najasa, iyakarsa ƙurar fuska da ta ƙafa. Akwai shukar da wannan ruwan kaɗai zai raya ta shekara da shekaru, ta shanye taɓon, ta ba ka fure a madadinsa.

Mutanen da suna kiranta gwangwama. Masu sayar da fulawa a bakin titi a Katsina da Kano sun fi saninta da sunan da Turawa ke kiranta, kana. Ka sha ganinta ko ba ka san sunanta ba: ganye faffaɗa kamar na 'yar ƙaramar ayaba, wani kore shar, wani ja-ja mai duhu kamar an shafa masa lalle, kara ɗaya miƙaƙƙe da kan kai ƙirjin mutum ko ya wuce kansa, a can ƙoli kuma fure ja wur, ko rawaya, ko ruwan goro, wani ma rawaya da ɗigo-ɗigon ja. Kamarta da ayaba ba banza ba, dangi ne, su da citta. In ka tono gindinta za ka ga saiwa mai kauri, gaɓa-gaɓa, kwance cikin ƙasa kamar ɗanyar cittar da ake kawo mana daga Kachiya. Wannan saiwar ita ce rumbunta, ita ce kuma irinta.

Bari in share wani ruɗani tun da wuri. Sunanta na Turanci ya yi kama da sunan da suke kiran tabar wiwi, har wanda ya nemi bayaninta a waya yakan ci karo da hotunan waccan. Babu abin da ya haɗa su, ko dangantaka ta nesa. Gwangwama ba ta bugarwa, ba doka da ta hana shuka ta, uba ya kwantar da hankalinsa in ya ga ɗansa ya shigo da ita.

Asalinta nahiyar Amurka ce, ɓangarenta mai zafi, inda masara da rogo da gyaɗa da tumatir da barkono suka fito kafin su zama namu har mu manta baƙi ne. A shekarar 1753 masanin tsirran nan na ƙasar Suwidin, Linnaeus, ya raɗa mata Canna indica, sunan da ya sa mutane da yawa ke zaton 'yar Indiya ce. A ƙasashen tsaunukan Andis, irin su Peru da Kwalambiya, sun yi dubban shekaru suna noma ta don ci, suna kiranta achira. Har gobe a yankin Huila na Kwalambiya da garin saiwarta ake yin wani biskit da suka shahara da shi. A Biyetnam manoma na shuka ta gona-gona, a tace sitacinta a murza wata siririyar taliya mai sheƙi. An taɓa nomanta don sitaci a Kwinsland ta Ostareliya. Manyan furannin da muke gani yau kuwa aikin masu lambu ne na Faransa a ƙarni na 19, musamman Pierre Crozy na birnin Liyon, wanda ya yi ta auratayya tsakanin iri da iri har fure ya faɗaɗa. Shi ya sa za ka ga iri biyu a wurinmu: tsohuwar mai siririn jan fure da yawan 'ya'ya, da ta zamani mai fure kamar tafin hannu.

Abin da ya sa na kawo ta cikin zancen rariya shi ne halinta da ruwa. Yawancin itatuwan gidanmu ba sa son gindinsu ya zauna a jiƙe. Zogale in ya daɗe cikin danshi saiwarsa ruɓewa take, gwanda ma haka. Gwangwama kuwa 'yar bakin rafi ce tun asali, danshi ne gidanta, ga faffaɗan ganye da ke fitar da ruwa sama duk yini. A Indiya da Sin da Tailan injiniyoyi na shuka ta da gangan a cikin kwatamen tsakuwa da ake bi da ruwan wanka da na wanki ta ciki, saiwoyinta da ƙananan halittun da ke maƙale a jikinsu su tsotse dattin, ruwa ya fita da sauƙin ƙazanta. Abin da suke yi da siminti da bututu, ƙaraminsa ne nake kira mu yi da fartanya a tsakar gida.

Na san abin da za a ce, don an riga an faɗa mini. Ranar da na shigo da gutsattsarin saiwa a leda, gwaggona ta dube su ta ce, “Ɗan nan, abin da ba a miya da shi, ba a ba akuya, me za a yi da shi? Da zogale ka samo mana.” Na ce, “Gwaggo, zogalenki na nan inda yake, ba zan taɓa shi ba. Wurin da nake so shi ne inda ba abin da ke fita sai wari.” Gaskiyarta ne, a gidan talaka abin ci ke gaba. Sai dai wurin da ruwan wanke jiki ke kwanciya bai dace da rama ko yakuwa ko alayyahun da za a tsinka a zuba a tukunya ba. Fili ne da abinci bai kamata ya shiga ba, kuma shi gwangwama ke nema. Ba ta ƙwace wa kowa wuri ba.

Zaɓen wurin nan shi ne rabin aikin, a nan kuma na yi kuskuren da ba na so wani ya maimaita. Na haƙa ramina na farko manne da katangar ƙasa, don a nan rariyar take. Shuka ta yi kyau ƙwarai. Amma danshin da a da yake ficewa waje sai ya zauna a gindin ginin dare da rana. Watan Agusta bai ƙare ba yaɓe ya fara zubowa, gindin katanga ya yi laushi har yatsa na shiga. Mahaifina ya kira ni, ya nuna mini wurin da sandarsa, ya ce, “Ka ga, ginin ƙasa da hula da takalmi yake rayuwa. Ka jiƙa masa takalmi.” Sai da aka kira magini. Don haka a ja da baya daga kowace katanga taku biyu ko uku, ta ƙasa ce ko ta bulo, a jawo ruwan zuwa ramin da 'yar makwarara ko guntun bututu. In gidan na da rijiya, kada ramin ya kusanci bakinta. Hanya mafi sauƙi ma ita ce a mayar da wurin alwalar can: a dasa faffaɗan dutse ko bulo biyu a bakin ramin, a ajiye butoci a nan, kowa ya tsuguna ruwansa ya gangara kai tsaye.

Tana son rana, a inuwa ganye kawai za ta yi ta zubawa ba fure. Amma ranar Daura a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, tana ƙona gefen ganye kamar an kara shi a wuta. Wurin da ya fi shi ne inda rana ke bugawa daga fitowarta zuwa azahar, inuwar ɗaki ko ta bishiya ta rufe shi da la'asar. Kada dai a sa ta daf da gindin bedi, don saiwoyinsa za su sansano danshin su zo su cika ramin.

Ƙasarmu ta arewacin Katsina jigawa ce, rairayi ne da ruwa ke wucewa ta cikinsa kamar an zuba a kwando. Gero da gyaɗa sun saba da haka, gwangwama ba ta saba ba, ga ta kuma da ci. Saboda haka a haƙa rami zurfin gwiwa, faɗin kamu biyu, tsawonsa gwargwadon ruwan gidan. A haɗa ƙasar da aka fitar da ruɓaɓɓen taki, kashi biyu na ƙasa, kashi ɗaya na taki. Wanda zai iya samo kwano biyu ko uku na laka daga fadama ko busasshen kududdufi ya marmasa ya gauraya, ita ce za ta riƙe danshi. Takin tumaki da awaki ko na shanu wanda ya shekara a turke, ya yi baƙi, ya daina wari, shi ake so. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma gayyato gara. Kashin kaji ƙarfi gare shi, ɗan kaɗan ya isa. Kada a cika ramin fal, a bar shi ya ɗan lotsa kamar faranti. Daidai inda ruwa ke faɗowa a zuba tsakuwa ko fasassun bulo da ɗan gawayi, don kada ruwan ya ƙwaƙule ƙasa, kuma ya tare ɗan abin da ya biyo shi.

Sai batun wane ruwa. Na alwala shi ne sarki. Na wanke hannu, na ɗaurayar kwanuka ta ƙarshe, na wanke kayan miya, na ɗaurayar tufafi bayan kumfa ta fita, duk suna shiga. Na wanka ma tana ɗauka in sabulun bai yi yawa ba. Ƙasari kuwa na dabbobi ne, kada a hana su haƙƙinsu. Waɗanda ba za su kusanci ramin ba su ne ruwan tsarki da duk abin da ya fito daga masai, da ruwan wankin kashin jarirai, da wanda aka sa wa sinadarin cire dauɗar farin kaya, da ruwan farko na wanki mai kaurin garin sabulu, da ruwan tukunyar da aka soya abu. Na tsarki da na masai da na kashin jarirai cuta ce ga mutanen gida. Sauran kuwa suna kashe shukar, ko su toshe ƙasa ta daina shan ruwa ta koma wari. In ka fara ganin wani fari-fari kamar kanwa a saman ƙasar da rani, gishirin sabulu ne ya taru. A kankare shi, a kwarara bokiti biyu na ruwa mai kyau, sauran damina za ta wanke.

Iri ba ya wuya. Duk mai gwangwamar da ta shekara biyu yana da abin bayarwa, kuma roƙon iri ba abin kunya ba ne a ƙasar Hausa. A samu gutsuren saiwa mai tauri, tsawon tafin hannu, mai ido biyu ko uku irin idon rake. Wanda ya yi laushi ko yake wari a jefar. In da wuƙa aka yanka, a bar shi a inuwa yini guda bakin yankan ya bushe. A kwantar da shi a ƙasa idanun na kallon sama, a rufe da ƙasa kaurin yatsu huɗu, tsakanin wannan da wancan kamu ɗaya. Guda huɗu zuwa shida sun isa farawa. A nan akwai wata 'yar dabara da ake yawan tuntuɓe a kanta: saiwar da ba ta tsiro ba ba ta shan ruwa, in aka tsuma ta ruɓewa za ta yi. A ba ta danshi kawai har sai ganye biyu ko uku sun buɗe, sannan a sakar mata ruwan gidan gaba ɗaya. Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen Yuni zuwa farkon Yuli, in ruwa ya zauna manoma sun gama shuka. Daga nan wata biyu zuwa uku za ka ga fure. Mai ruwan alwala kullum yana iya dasawa a wasu watannin ma, ban da tsakiyar sanyi, lokacin da tsiro ke nawa.

Ana kuma shuka 'ya'yanta. In fure ya kaɗe yakan bar wani ƙunshi mai ƙurji-ƙurji, in ya bushe ya fashe sai ga baƙaƙen ƙwayoyi mulmulallu, ba su kai gujiya ba, masu taurin tsiya. Turawan Ingila saboda su suke mata laƙabi da harsashin Indiya. A ƙasashe da dama ana huda su a yi carbi ko abin wuya, a tsibirin Reyuniyon kuma su ake ɗurawa cikin wani abin kiɗa mai kama da caki. Taurin nan ya kai inda masu tonon kayan tarihi suka samu ƙwayar wata 'yar'uwarta cikin abin wuya a wani tsohon kabari a Santa Rosa de Tastil, arewacin Ajantina, ta haura shekara 500 a binne, aka shuka ta ta tsiro. To ƙwayar da ta yi wannan haƙurin, in ka jefa ta a ƙasa haka nan kana iya wata da watanni kana jira. Sai an goga gefenta a kan siminti ko dutsen wasa wuƙa har farin ciki ya ɗan leƙo, a jiƙa ta a ruwan ɗumi kwana ɗaya ko biyu, a shuka a ledar fiya-wata da aka huda. Cikin mako ɗaya zuwa biyu za ta fito. Sai dai 'ya'yan irin zamani ba lallai su gado launin uwarsu ba. Mai son ainihin furen da ya gani a gidan wani, saiwa zai roƙa.

Wanda tsakar gidansa siminti ne ko intalok, kamar yawancin sababbin gidaje, bai fita daga zancen ba. A yanke kan tsohuwar jarka mai lita 25, ko a samu fasasshen baho, a huda gindin, a cika da haɗin ƙasar nan, a sa saiwa ɗaya. A riƙa alwala a cikin roba ana juye mata. Ta cikin mazubi ta fi saurin jin ƙishi da yunwa, sai an riƙa ƙara mata taki.

Da damina ba ta neman komai sai cire ciyawa da ɗan ƙarin taki sau ɗaya ko biyu. Mai takin zamani ya barbaɗa cikin tafin hannu guda a kewayen gindi, nesa kaɗan da kara, ya bi da ruwa. Kowane kara in ya gama furanninsa ya gama aikinsa ke nan, ba zai sake ba. A sare shi daga ƙasa, sababbi na nan tafe daga saiwa. Wannan sarar ita ke sa ta yi ta fure ba yankewa, mutane da yawa kuma tausayin karan ke hana su, sai shuka ta cunkushe da busassun karare.

Hunturu ne jarrabawarta. Iskar nan mai ƙura tana yayyaga ganye ta mayar da shi tsumma, shi ya sa 'yar danga ta karan dawa ko zana a ɓangaren gabas da arewa take da amfani. A riƙa watsa wa ganyen ruwa lokaci-lokaci ƙura ta sauka. A lulluɓe gindin da ɓawon gyaɗa ko ƙaiƙayin gero don danshi ya daɗe, amma a riƙa ɗagawa ana duba gara. In aka yi tafiya, ko ruwa ya yi wuya da bazara, har ganye ya bushe ƙurmus, kada a tumɓuke. Sau da yawa saiwar na nan da ranta, barci take, ruwan farko zai tashe ta. Dangar nan kuma ita ce maganin awaki. Gwaggo ta ce ba a ba akuya, amma akuya ba ta jira a ba ta: a ƙasashen da ake nomanta ma ganyen abincin dabbobi ne, tunkiya ɗaya ta isa ta share maka aikin wata uku kafin a idar da sallar La'asar.

Ƙwari ba su cika yi mata yawa ba. Fara na ɓula ganye, akwai kuma tsutsar da ke naɗe ganye ta ɓuya a ciki. A gida hannu ya isa, a buɗe a cire a jefa wa kaji. Ban ga dalilin fesa maganin ƙwari mai guba a inda yara ke wasa, ake kuma alwala ba. Wanda abin ya yi masa yawa ya daka 'ya'yan bedi ya jiƙa kwana guda, ya tace ya yayyafa da yamma. Cutar da ba ta da magani ita ce wadda ganye ke fitowa a yamutse da karyayyun zane-zanen rawaya, shuka ta tsumbure. Ba irin zanen ado ba ne, wanda ke tafiya a jere tsaf a ganye lafiyayye. In an ga haka a tone gindin duka a ƙone, a wanke wuƙar, kada kuma a ba kowa iri daga ciki.

Akwai tsoro biyu da nake girmamawa, sauro da maciji. Sauro ruwa kwantacce yake nema, daga ƙwai zuwa mai cizo kuwa mako guda zuwa kwana goma ya ishe shi a lokacin zafi. Ƙa'idar ramin gwangwama ita ce ruwa ya nutse cikin ƙasa kafin wata sallar ta zo. In ka ga yana kwana a sama, ko dai ramin ya yi wa ruwan gidan kaɗan, sai a tsawaita shi a ƙara shuka, ko maiƙo ya toshe ƙasar, sai a sassauta ta da fartanya. Ramin da aka yi daidai yana rage matattarar sauro ne. Amma kada wani ya ce maka furen na korar sauro. Ba ya kora, gidan sauro na nan a matsayinsa, zazzaɓi kuma asibiti ake kai shi. Maciji kuwa duhuwa da sanyi yake bi, da kwaɗi da ɓeraye. Maganinsa kada a bar shukar ta zama kurmi: a cire busasshen ganye, a share kewaye ya zama fili, kada a jibge itace ko bulo kusa, mai fitowa alwalar Asuba kuma ya riƙe fitila.

Iyaye mata su lura da 'ya'yan nan baƙaƙe. Gwangwama ba guba ba ce, amma ƙwaya mai santsi irin wannan ita ce yaro ɗan shekara biyu ke turawa a hanci ko kunne, ko ya haɗiya ta sarƙe shi. Gidan da ke da masu rarrafe a riƙa yanke ƙunshin tun yana ɗanye, hakan ma ƙara mata fure yake. Kuma ko da na ce ana cin saiwarta a wasu ƙasashe, iri ne na musamman da ake nomawa a gona mai tsabta. Wadda ta girma da ruwan wanka ba ta shiga tukunya. Haka nan in an yi sassabe kada a kwashi saiwoyin a zubar a fadama ko bakin ruwa irin na madatsun Sabke da Daberam. Inda danshi ba ya yankewa tana yaɗuwa ta danne na ƙasa, har Afirka ta Kudu ta sa ta cikin jerin tsirran da doka ta ce a kawar. A shanya abin da ba a so a rana ya bushe, a sa a murhu.

Inda na fi hango amfaninta ma ya wuce gida. Kowane masallacin unguwa yana da wurin alwalar da ruwansa ya fi na gida goma, kuma kusan kowanne yana da wannan taɓon a gefensa. Haka makarantun allo da na Islamiyya da na boko. Rami ɗaya mai tsawon taku biyar, da danga, da yaro ɗaya ko biyu da malam zai ɗora wa kula, ya isa. Ranar da baƙi suka cika gari don Sallar Gani, ko hawan salla a ƙofar fadar Mai Martaba Sarkin Daura Alhaji Umar Faruk Umar, da jan fure a gefen masallatanmu za su tarar a inda yanzu suke tsallake kwata. Ni dai na ga yadda tsakar gidanmu ta canza. Wurin da aka fi ƙyama ya zama inda ake shimfiɗa tabarma da yamma, malam-buɗe-littafi na zuwa, da wasu 'yan tsuntsaye masu siririn baki da ke shan zaƙin furen.

Bayan shekara biyu ko uku za ka ga karare sun yi yawa, sun sirance, fure ya ragu. Saiwa ce ta cika ramin tana hawa kan juna. Farkon damina sai a sare ganyen, a sa diga daga gefe a ɗago gindin gaba ɗaya, a karkaɗe ƙasa. Tsofaffin gaɓoɓin tsakiya da suka yi baƙi a fitar da su, a yayyanka na gefe masu sababbin idanu. A sabunta ƙasar ramin da taki, a canza tsakuwar bakin makwarara, a mayar da guda biyar ko shida. Za a samu ragowar da ta ninka abin da aka dasa da farko. A naɗe su cikin jiƙaƙƙen buhun algarara a ajiye a inuwa, suna iya yin mako guda a haka kafin a kai wa ladan nasa, a aika wa maƙwabta sauran.